Jaririn da Hansatu Ta Goge Sau Uku

Ku kife wayoyin nan a ƙasa. Har da kai, mai murmushi. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba, don abin da zan faɗa ba a ɗaga masa murya. Ba tatsuniya ba ce. Hansatu kun san ta, wadda kuke ce wa Anti mai kwamfuta. A kanta ya faru, kuma ita ta jawo wa kanta.

A lokacin tana aiki a wani asibitin haihuwa a birni. Ba ta allura, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta kula da na'urori biyu masu riƙe rajistar jarirai, waɗanda su suke ce wa saba. Ɗaya tana birni, ita ce uwa. Ɗaya tana reshen asibitin a ƙauyen Tudun Marke, tafiyar awa biyu, ita ce 'ya. Duk jaririn da aka haifa, ko a birni ko a ƙauyen, uwar ake faɗa wa. Ita ke ba shi lamba, ta rubuta, sannan ta aika wa 'yar ta kwafa, domin in layi ya yanke ungozomomin ƙauye su samu abin dubawa. 'Yar ba ta rubuta komai da kanta. Karɓa kawai take yi, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. In ta karɓa sai ta ce, na karɓa. Uwar kuwa ba ta zubar da saƙo sai ta ji wannan kalma. In ba ta ji ba, riƙewa take yi, ta yi ta riƙewa har cikinta ya cika ta faɗi. In ta faɗi, aikin asibiti ya tsaya.

Ran wata Asabar ƙanwar Hansatu, Suwaiba, ta haifi namiji a asibitin birnin. Haihuwar fari. Yaro ƙato, mai murya, kukansa har titi. Aka sallame su suka koma gida, aka fara shirin suna.

Ran Talata waya ta yi ƙara a ofishin Hansatu. Iya Tabawa ce, babbar ungozomar Tudun Marke, tsohuwa mai shekara talatin a aikin.

"Hansatu, akwatin nan naki mutuwa ya yi? Tun ran Asabar ba sabon jariri ko ɗaya a ciki. Mata na kawo yara rigakafi, ina dubawa ba su."

"Layinku ne, Iya. Kullum layinku."

"To da wane layin nake miki magana?"

Hansatu ta yi tsaki ta kashe. Tsaki, ga sa'ar uwarta.

Ta zargi layi. Ta zargi masu wuta. Ta zargi ɓera, wai ya ci waya. Daga kujerarta ta ƙwanƙwasa wa 'yar, 'yar ta amsa, lafiyarta ƙalau. Ta duba kalmar sirrin da uwa da 'ya ke gane juna da ita, ba abin da ya canja. Ta kashe, ta kunna. Shiru. Sai bayan la'asar ta yi abin da ya kamata ta fara yi tun safe. Ta buɗe littafin da 'yar ke rubuta kukanta.

Magana ɗaya ce a ciki, an maimaita ta sau dubbai. An aiko mini da jariri mai lamba dubu tara da arba'in, ni kuwa ina da mai wannan lambar. Ba zan karɓa ba.

Ke nan wani ya yi rubutu a cikin 'yar kai tsaye, ya ɗauki lambar da ke gaba, kafin saƙon uwa ya iso. Saƙon ya zo ya tarar da mutum a mazauninsa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Duk na bayansa suka tsaya, ɗaruruwa, kamar mata a layin awo.

Hansatu ta san ta inda aka shiga. Shekara biyu kafin nan, ranar da ta haɗa na'urorin, ta buɗe wata ƙofar rubutu a jikin 'yar don gwaji. Ta ce gobe za ta rufe. Goben nan ta kai shekara biyu. Amma ta yarda laifinta ne? Ina! Ta sake kiran tsohuwa.

"Wa ya taɓa mini na'ura a cikinku?"

"Ɗakin a kulle yake, makulli yana wuyana. Ko shara ba ma shiga yi."

"To aljani ne ya rubuta?"

Iya Tabawa ta ce, "Ki iya bakinki, 'yar nan."

Hansatu ta nemo rubutun da ya tare hanya. Ba ta buɗe shi ba. Ba ta karanta sunan uwa ba, ba ta duba unguwa ba. Ta ce shara ce. Da yatsa ɗaya ta goge shi, ta jingina da kujera, tana jiran saƙonni su wuce.

Ba su wuce ba. Kafin saƙon uwa ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, rubutun ya dawo. Lambarsa ɗaya. Mazauninsa ɗaya.

Da ta koma gida ta tarar ana jijjiga jaririn Suwaiba. Ya ƙi nono. Haka kawai, tun la'asar. Aka ce ciwon ciki ne, aka ba shi ruwan dabino.

Ran Laraba ta sake gogewa, da zagi a bakinta. Ya dawo. A gida, yaro ya buɗe baki yana kuka, fuska ta yi ja, jijiyar wuya ta tashi. Amma ba murya. Ko kaɗan. Aka kai shi wurin likita, likita ya duba ƙirji, ya duba maƙogwaro, ya ce bai ga komai ba.

Ran Alhamis shugabanta, Injiniya Sallau, ya tsaya a kanta.

"Cikin uwar nan ya kai kashi casa'in. Me kike jira?"

"Oga, rubutu ɗaya ne ya tare. Ina gogewa yana dawowa."

"Yana dawowa. Ƙafa gare shi? Ki share 'yar gaba ɗaya, ki kwafo mata komai daga farko."

"Da layin ƙauyen nan kwana biyu zai ɗauka."

"Ya ɗauki goma. Ni dai kada asibiti ya tsaya a kaina. Gobe in an sauko Juma'a abin nan bai tafi ba, da hannuna zan share ta daga nan."

Yana fita ta goge na uku, don haushi kawai. Ta san zai dawo. Ya dawo.

Safiyar Juma'a gida ya cika. Gobe suna. Rago a ɗaure, mata na daka, ana gyaran kayan miya. Hansatu ta shiga ɗakin mai jego ta gaishe ta kafin ta wuce aiki. Ta tarar da Suwaiba a zaune, jariri a cinyarta, tana kallonsa kamar yadda ake kallon kayan da aka ba mutum ajiya.

"Yaya," in ji ta, "ɗan wa kuka kawo mini?"

Innarsu ta saki kwanon hannunta. Mata suka hau salati.

Hansatu ta ɗauki yaron. Ba nauyi. Kamar ta ɗauki zane. Ta ce a ba ta katinsa na asibiti, ta kira likita. Aka miƙo. Tawadar katin ta koɗe kamar ya shekara a rana, alhali kwanansa shida. Sunan uwa ya kusa ɓacewa. Lambar ce kaɗai ta rage ana iya karantawa.

Dubu tara da arba'in.

Kwana uku tana kallon lambar nan. Kwana uku, ba ta taɓa tambayar ta waye ba. Ɗan ƙanwarta ne saƙon da ke tsaye a bakin ƙofa.

Nan tsakar gida ta buɗe kwamfutarta. Ta buɗe rubutun da take gogewa, ta karanta shi karon farko. Namiji. Ran Asabar. Lokacinsa ɗaya da na Suwaiba. Wurin suna ba komai, don ba a yi suna ba. Sunan uwa, Mai Rijiya. Unguwa kuwa kalma ɗaya aka rubuta.

Ƙarƙashinku.

Ta kira Sallau don ta hana shi sharewa, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya kashe. Ta saɓa jaka ta nufi tasha.

Kuna tsammani sai da duhu mutanen ɓoye suke fita ko? Haka yaran yanzu suke zato. To ku sani, tsakar rana ta fi. Lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, tituna suka yi wayam. Balle ran Juma'a, maza duk sun tafi masallaci.

A daidai wannan lokaci ta sauka a Tudun Marke. Asibitin tsit. Ko kaza ba ta motsi. Iya Tabawa na zaune a baranda tana jan carbi.

"Iya, makulli."

"Ba gaisuwa?"

"Iya, don Allah, makulli."

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "Ranar da kuka zo gina ɗakin nan na gaya muku tsohuwar rijiya ce a wurin. Kakanninmu suka rufe ta, kuma ba da wasa suka rufe ba. Na ce ku yi sallama, ku nemi izini. Ke kika fi kowa dariya. Kika ce wurin ya fi kusa da janareta."

"Na ji. Ki ba ni."

"Ba yanzu ba. Rana tsaka ce. Bari a sauko masallaci, a samu maza biyu su raka ki."

"In aka sauko masallaci Oga zai share ta."

Iya Tabawa ta cire igiyar daga wuyanta ta jefa mata. "Ni ba inda za ni. Ki yi sallama dai."

Ɗakin yana can bayan ɗakin magani, shi kaɗai. Ba taga. Hansatu ta murɗa makulli, ta tura ƙofa da ƙafa, ta shiga da takalminta. Sallamar da aka ce ta yi, ba ta yi ba.

Sanyi ya dake ta. Ta saba da sanyin ɗakin, na injin sanyaya ne. Wannan daban. Sanyi mai laima, mai warin laka da gansakuka.

Ta kunna fitila. Na'urar na tsaye cikin akwatin ƙarfenta tana gurnani, ƙananan fitilunta na ƙyaftawa. Ta ja kujera. Ta jona kwamfutarta.

Sai ta ji ɗigon ruwa.

Ɗis.

Ta duba injin sanyaya. A bushe yake.

Ɗis.

Ta duba ƙasa. Sawun ƙafa ne a kan siminti, jiƙaƙƙe. Ƙafa ba takalmi, doguwa, siririya. Bai taho daga ƙofa ba. Daga tsakiyar ɗaki ya fara, inda ba komai sai siminti. Ya zo har gaban na'ura. Ya koma bayan akwatin.

Ƙofa ta rufe kanta, a hankali.

Wata mata ce zaune a bayan akwatin, a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar yadda masu jego ke zama. Ɗaurin ƙirji. Tawul a ka. Zanenta na ɗiga. Jariri a hannunta, a naɗe.

Hansatu ta ce, "Baiwar Allah, ta ina kika shigo?"

Matar ta ɗago. Leɓenta ya motsa, ya gama motsi, ta rufe baki. Ba a ji komai ba. Sai bayan numfashi guda muryar ta iso, daga ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu.

"Ke za a tambaya. Gidana ne."

Hansatu ta nemi addu'a, ta rasa ta inda ake farawa.

"Ke ce mai yatsa," in ji matar. Baki ya riga, murya ta biyo. "Sau uku."

"Ban sani ba..."

"Kin tambaya?"

Hansatu ta sunkuyar da kai.

"Kin tambaya, na ce? Kun zo kun aza ɗaki a kanmu, ba sallama. Muka yi shiru. Kuka sa mana ƙarfe mai gurnani dare da rana. Muka yi shiru. Sanyin ya yi mana daɗi, muka ce a bar su, yara ne. A ƙofar gidan nan kuka kafa allo, kuka rubuta, duk jaririn da aka haifa a cikin wannan katanga sai an yi masa rajista. Ku kuka rubuta ko mu?"

"Mu ne."

"A cikin katangar nan na haihu. Mu ba ma karya dokar gidan da muke ciki. Na zo, na tarar da ƙofa a buɗe. Wa ya bar ta a buɗe?"

Hansatu ta ce, "Ni ce."

"Na rubuta ɗana a inda aka ce a rubuta. Ban ture kowa ba, wurin ba kowa. Sai ga yatsa daga birni." Ta buɗe zanen kaɗan. Hansatu ba ta ga fuskar yaron ba, ɗan hannunsa kawai ta gani, fari fat kamar cikin rogo. "Ran Talata ya yi sanyi a hannuna. Na jawo shi. Ran Laraba, na jawo shi. Jiya da ƙyar. Da me kike tsammani nake jawo shi? Abin da kika cire masa, a jikin mai lambarsa nake ɗebowa. Yunwarsa. Muryarsa. Sanin uwarsa."

"Jariri ne! Me ya yi miki?"

"Nawa fa? Tsoho ne?"

Fitilun na'urar suka tsaya da ƙyaftawa. Ruwa ya fara tsattsafowa daga simintin, ya taɓa takalmin Hansatu.

"An ce mini yau za a share duka," in ji matar. "A share. Abin da ya rage a jikin naku kaɗan ne, amma zai ishe ni. Gobe suna. Ɗaya za a yi wa."

Hansatu ta duba agogo. An kusa tayar da salla.

"Akwai hanya," ta ce. "Zan ba ɗanki wata lamba. In ya matsa, saƙon zai wuce, ba wanda zai share komai."

"Ya matsa? Shi ya riga. Ki matsar da naku."

"Ba zan iya ba. Nasa uwar ta riga ta rubuta, ta aiko, yana kan hanya. Abin da ke kan hanya ba a canja shi. Ko a karɓe shi, ko a jefar da shi."

"To a jefar."

"Don Allah..."

"Yanzu kika san Allah? Kin shigo mini da takalmi. Kin tsaya a kaina kina ciniki. Kwanana shida da haihuwa a ƙarƙashin asibitin haihuwa, mata na shiga suna fita a bisa kaina, ba wadda ta ce mini ko sannu."

Nan ne kan Hansatu ya yi aiki, karon farko a satin. Ba karatun makaranta ne ya zo mata ba. Tarbiyyar da aka yi mata tana ƙi ce ta zo.

Ta miƙe. Ta je ƙofa, ta kama mariƙin. Ƙofar ta buɗe. Ga rana a waje, ga hanya, ga baranda. Da ta so gudu, da ta gudu.

Ta fita. Ta cire takalmi ta ajiye a gefe. Ta gyara mayafi. Ta juyo ta fuskanci ɗakin.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ta tsaya tana jira. Gumi na bin bayanta.

Can, daga ƙasa, muryar ta zo. "Wa alaikumus salam."

"A shigo?"

"Shigo."

Ta shiga, ta durƙusa a cikin ruwan, gwiwa biyu.

"Barka da arziki, Iya. Barka da sauka lafiya. Allah ya raya, ya sa mai jin ƙai ne. Ya jiki? Ya ruwan zafi?"

Matar ta dube ta. "Da sauƙi."

A jakar Hansatu akwai 'yar hula da sabulun jarirai da ta saya don sunan ɗan Suwaiba. Ta ciro, ta ajiye a gabanta da hannu biyu. "Ga wannan, ba yawa. Na yi laifi. Ni na bar ƙofa, ni na yi dariya, ni na goge ban karanta ba. Ba laifin yaron can, ba laifin uwarsa."

Dogon hannu ya fito, ya ɗauki hular. Ya shige cikin zane.

"Faɗi maganar lambar," in ji matar. "A zaune."

"Ba ragowar lamba zan ba shi ba. Sabon layi zan buɗe muku, naku ku kaɗai, can sama inda ƙidayar birni ba za ta kai ba ko jikokinmu sun tsufa. Daga miliyan ɗari. Duk wanda aka haifa a gidanku ya bi bayansa, ba mai karo da kowa."

"Shi ne na farko?"

"Shi ne na farko."

"Uwar ta birni za ta san da shi?"

Hansatu ta so ta ce e. Ƙarya ta zo har bakinta. Ta haɗiye. "A'a. Hanyar ɗaya ce, daga can zuwa nan. Abin da aka rubuta a nan, a nan yake zama."

"Da kin ce e, da na san ke ce dai ta jiya." Matar ta gyara wa ɗanta kwanciya. "Ba ruwana da birninku. Kada a goge shi, shi ke nan."

Waya ta yi ƙara. Sallau.

"Na sauko, ina kan kujerarki. Casa'in da bakwai. Ga hannuna a kai."

"Oga, kada ka taɓa!"

"Ni kike wa tsawa?"

"Kai nake wa! Ɗauke hannunka! Ni na bar ƙofar rubutu a buɗe shekara biyu, ni na ɓoye maka. Ka kore ni ran Litinin, ka rubuta duk abin da kake so. Amma wallahi in ka share na'urar nan ba zan yafe maka ba har gaban Allah. Minti biyar!"

"Ke, lafiyarki? Wa ke kusa da ke? Ina jin kamar ruwa."

"Minti biyar, na ce!"

Ta ajiye wayar a buɗe. Yatsunta sun ƙage don sanyi. Ta buɗe rubutun. Wannan karon ta karanta shi daga sama har ƙasa, a bayyane, mai shi na ji. Ta ce, "In canja?"

"Canja."

Ta yi bisimilla. Ta cire dubu tara da arba'in, ta sa miliyan ɗari da ɗaya. Ta gyara ƙidayar 'yar, yadda duk wanda ya shigo ta ƙofar nan zai ɗauki lamba daga sabon layi. Ta ɗauke hannu.

Ba abin da ya motsa.

Ɗis.

Ɗis.

Sai fitila ɗaya ta ƙyafta. Sai ta biyu. Saƙon da ya kwana shida a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa, ya tarar da mazauninsa ba kowa, ya shiga ya zauna. 'Yar ta ce, na karɓa. Na bayansa suka biyo, suna rige-rige.

Daga cikin waya Sallau ya ce, "Kai. Yana sauka. Casa'in da biyar. Casa'in. Me kika yi?"

Matar ta miƙe tsaye. Kanta ya kusa taɓa rufi. Cikin zanen, wani abu ya yi atishawa, ƙarama.

"Abin da na ɗebo na mayar," in ji ta. "Amma sau uku ba ya tafiya a banza. Hannunki ya fi kanki sauri, bakinki ya fi hannunki." Ta miƙo yatsa, jiƙaƙƙe, mai sanyi kamar ƙanƙara, ta ɗora a leɓen Hansatu. "Daga yau za ki riƙa jira."

Fitila ta ɗauke. Ta dawo. Ba kowa. Siminti a bushe, ƙura ma a kansa. Sabulu da hula babu.

Ta fito tana tangaɗi, takalmi a hannu. Iya Tabawa na tsaye a bakin baranda. Wayar ta sake ƙara, Innarsu ce. Ba ta ma yi magana ba, ta kara wayar a bakin yaro. Kuka. Kuka mai tsaga kunne, irin na ranar haihuwarsa. A bayansa muryar Suwaiba tana cewa, ku ba ni ɗana, ku ba ni shi, yunwa yake ji.

Hansatu ta ce alhamdu lillahi. Leɓenta ya faɗa, ya gama. Ba a ji komai ba. Sai bayan numfashi guda kalmar ta fito.

Iya Tabawa ta karɓi makullinta ta mayar wuya. "Kin yi arha," ta ce.

Washegari aka yi suna, aka sa wa yaro Zakariyya. Shi ne wannan da kuke ƙwallo da shi, mai ƙaton kai. Bayan an watse Hansatu ta buɗe kwamfuta ta leƙa sabon layin. Wurin sunan da ke fili jiya an cike shi. Ta karanta, ta rufe. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba, kuma kada wanda ya tambaye ta.

Ba a kore ta ba. Ita ce ma ta kafa doka a wurin, ba a share 'yar Tudun Marke ko me ya faru, kuma ba a goge rubutu sai an karanta shi an nemi mai shi. Bara da ta leƙa, layin ya kai mutum goma sha ɗaya.

Kun sha cewa Anti Hansatu tana da sanyin magana, ba ta katse mutum, ba ta tsaki. Ba halinta ba ne. Ranar da ta zo, ku kalli bakinta, kada ku saurari muryar. Ku kalla sau ɗaya, ku kau da kai.

Saboda haka ku ji da kyau. Ɗakin da ba kowa, a ganinku ne ba kowa. Ba a shigarsa da rana tsaka mutum shi kaɗai, ba a shigarsa ba sallama. Abin da ba kai ka rubuta ba, ba ka goge shi sai ka san na wane ne.

Ku tashi ku kwanta. Wanda zai zuba ruwan wanke ƙafa a bayan ɗaki, ya yi magana kafin ya zuba.